Sunan Aikinki da Na Sauya a Takarda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga yayata, Yaya Sa'adatu, a Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gwaggo da duk mutanen gida. Baba yana gaishe ki. Mu ma a nan Guangzhou lafiya lau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, har bangon ɗakinmu yana zufa kamar yadda kika san yana yi. Gadonki yana nan, ban bari an ɗora masa kwali ko ɗaya ba.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa a shafina inda kowa zai karanta, alhali lambarki tana cikin wayata. Sau uku na kira ki don in faɗa miki abin da ke cikinta. Na farko muka ɓige da hirar tsadar tumatir. Na biyu kika tambaye ni jarrabawa, na ji daɗin samun wurin ɓuya. Na uku ina jin muryarki na ce miki caji zai ƙare, kuma wayar a jikin caja take. Kin san ni, bakina ba ya ɗaukar magana mai nauyi. Sannan akwai matan da har yau suke zagin wata baiwar Allah saboda abin da na yi, to gara su ma su karanta. Da Hausa na rubuta don ki karanta da idonki, kada kowa ya fassara miki. Balle ni.

Yaya, ni na ɓata miki tafiyarki Ostiraliya. Madam Lin ba ta yi miki komai ba.

Bari in faro daga farko, ko zan samu ƙarfin kaiwa ƙarshe.

Ke kika raine ni tun rasuwar Umma. Da Baba ya buɗe ofishin lodin kaya a nan ya ɗauko mu, ni aka sa ni makaranta ina 'yar shekara goma, ke kuma kika ce ba za ki iya zaman kallon bango ba. Ɗinkin fata kika iya, wanda kika koya a rumfar Kaka tun kina miƙa masa basilla da zare. Baba ya tafi da ke Shiling, garin jakunkuna, wajen Madam Lin, matar da yake sayen kaya a 'yar masana'antarta, don kawai ki duba masa samfur. Kika ɗauki wata jaka, kika juya cikinta, kika nuna wa matar inda ɗinkin zai ɓalle in an cika ta da kaya. Ba ki jin yarenta, ba ta jin naki. Ta dube ki, ta ja miki kujera. Shekara shida kika yi a kan kujerar nan.

Kullum kina dawowa da warin gam a mayafinki, da baƙin fenti a ƙarƙashin farce wanda sabulu ba ya fitarwa. Ni kuwa ina kwance da waya ina karatun littattafan soyayya, kina ce min, "Rumaisa, wata rana sai kin faɗa rami da wannan karatun." A cikin littattafan nan babu macen da take warin gam. Jarumar tana da ofis mai gilashi, tana sa hannu a takardu, direba yana jiranta a ƙasa. In ma talaka ce, kafin babi na goma za a gano ashe 'yar wani attajiri ce da aka musanya a asibiti.

In ƙawayena a makaranta suka tambayi aikinki, cewa nake mai zana jakunkuna ce. Haka na rubuta a shafin nan ma, a ƙarƙashin hotonki na sallah, mutane suka yi ta sa albarka. Akwai ranar da muka haɗu da ke a tashar jirgin ƙasa ta Tianhe, ina tare da su, ke kuma kin rungumo ledar guntayen fata da Madam ta ba ki ki yi wa yaran maƙwabta 'yan alabe. Na gaishe ki sama-sama na ƙara sauri. Ba ki taɓa yi min maganar ba. Ni ma ban yi ba sai yau.

Da Madam ta faɗa miki ba za ta iya sabunta miki takardar aiki a shekara mai zuwa ba, saboda sharuɗɗan sun fi ƙarfin ƙaramin wuri irin nata, sati guda kika yi ba ki cin abincin kirki. Sai ga Anti Fati, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi mai aika takalma gida, ta shigo da labarin ƙaninta mai walda da yake wani ɗan gari a Ostiraliya.

Ta zauna a kan buhun shinkafarmu ta warware mana yadda abin yake. Akwai yankuna a can, nesa da manyan birane, da samarinsu suka watse suka bar sana'o'i babu mai yi. Sai gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kowane yanki, yankin ya rubuta jerin ayyukan da ya rasa hannu a cikinsu. Mai kamfani in ya yi cigiya a gida bai samu kowa ba, sai ya nemi amincewar hukumar yankin, sannan ya ɗauki nauyin ma'aikaci daga waje. Ana sassauta sharaɗin Turanci, har da na shekaru. Amma dole ka zauna a yankin, ka yi aikin da aka kawo ka dominsa, kuma dole sunan aikinka ya zama yana cikin jerin. Ɗinkin fata yana cikin na yankin ƙaninta.

Har yanzu ina jin muryarta: "Su fa ba mai dogon takalmi suke nema ba, 'yan mata. Hannu suke nema." A gabana ta faɗa. Ina zaune a wajen, amma rabin hankalina yana cikin waya, a littafin da nake karantawa wani injiniya yana gab da furta soyayyarsa.

Ƙanin nata ya nuna bidiyonki kina ɗinki ga wani tsoho mai ɗinka sirdi da linzami da jakunkunan doki ga masu gonakin shanu. Idonsa ya fara rauni, aiki ya yi masa yawa, cigiyarsa ba ta kawo kowa ba. Ranar da ya kira ki ta bidiyo kin sa sabon mayafi, kin haddace gaisuwa da Turanci tun kwana uku. Shi kuwa ko mayafin bai kalla ba. Cewa ya yi ki juya jakar, ki matso da cikin ɗinkin kusa da waya. Ya daɗe yana kallo, hancinsa kamar zai fito ta gilashin. Sai ya ɗaga babban yatsa. Bayan ya kashe kika fashe da dariya kika ce, "Wannan irin Kaka ne, sai ya ga baya kafin ya yarda da gaba."

Ya ɗauki wata wakiliya ta haɗa takardun ɓangarensa. Naki ɓangaren shi ne ki tabbatar wa hukumar tantance sana'a cewa kin iya aikin kuma kin daɗe kina yi. Suka turo fom: sunan aiki, abin da ake yi kullum, irin injin, awa nawa, hotuna a bakin aiki. Turancinki na baki ya ishe ki jarrabawar da suka sassauta, amma dogon rubutu yana ɗaukar miki lokaci. Ni ce 'yar makaranta. Ni aka ba kwamfutar Baba.

Ranar Lahadi ce bayan la'asar. Kina tsinke alayyafo kina faɗa, ni ina bugawa. Kika ce in rubuta kina yanka fata a kan kwalin samfur, kina fere bakinta da wuƙa don ta naɗu, kina shafa gam, kina bugawa da guduma, kina ɗinki a babban keke, kina sa zif, kina fentin baki sau uku kina gogewa. Na rubuta layi biyu na tsaya. Na hango wani Bature da kwat a ofis mai sanyi yana karanta cewa yayata tana shafa gam. Fuskata ta yi zafi kamar yana gabana.

Kin san yadda muke a nan. Duk wanda ya cika kwantena ɗaya Alhaji ne, mai gyaran waya Injiniya ne, matar da ta sayi kwali biyar Hajiya babba ce. A gaban baƙo ɗaga naka ake yi, ba a kiransa da ƙaramin suna. Da wannan na lallashi kaina. Na ce ladabi nake miki.

Na goge layukan. A wajen sunan aiki na rubuta shugabar sashen zane. Na ce kina ƙirƙiro sababbin samfura, kina kula da ma'aikata, kina ganawa da manyan masu saye. Wallahi daɗin rubutun nake ji, jimla tana jan jimla kamar ina rubuta babin littafi. Kina ta lissafo sunayen allura da kaurin zare, ni ina cewa "to, to", yatsuna suna wani wajen.

Hotunan da kika ba ni, waɗanda wata abokiyar aikinki ta ɗauke ki a kan keke da rigar aiki da filasta a yatsa, ban sa ko ɗaya ba. Na zaɓi na ranar da muka je wani babban kanti a Tianhe, kina sanye da leshi, kin tsaya kusa da jakunkunan da ba ma naku ba ne.

Wakiliyar ta ce in tura mata ta duba kafin a miƙa. Ban tura ba. Na ce miki ta ce ba sai ta gani ba. A ƙasan raina na san gogewa za ta yi, ke nan na san abin da nake yi. Wasiƙar shaidar aiki da Madam ta rubuta miki kuma, mai jan hatimi, na karanta ta, ina jin Sinancin da ya ishe ni. Mai yanka da ɗinki ta rubuta. Na ce a raina ai Madam ba ta iya tsara magana ba, nawa zai ƙawata nata.

Da na buga takardar na kawo miki, sai da kika wanke hannu, kika goge a zaninki sau biyu kada ki ɓata ta. Kika ce, "Duk abin da na faɗa yana ciki ko?" Na ce eh. Kika yi bisimilla kika sa hannu.

Watannin jira kuwa, ni na fi ki mafarki. Na gina miki gida mai baranda, na shuka miki furanni. Har na aurar da ke ga ɗan tsohon nan, dogo mai shiru-shiru wanda zai musulunta a babi na ashirin, alhali ban ma sani ba ko tsohon yana da ɗa. Ke kuwa tambayarki ɗaya ce, ko ana samun daddawa a can.

Amsar ta zo ranar Asabar da safe, kina tuya. Na buɗe saƙon na karanta sau biyu a tsaye. Sun ce aikin da kika ce kina yi ba ya cikin jerin yankin, kuma ba shi ne aikin da mai ɗaukar nauyinki ya nema ba. Sun ce bayaninki ya saɓa da wasiƙar mai aikinki, don haka sun kira ta, ta tabbatar babu wani sashen zane a wurinta. Ba za su iya tantance ki ba.

Kika juyo da ludayi a hannu kika ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Sun ce abin da Madam ta faɗa musu bai yi daidai da namu ba."

Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa, kuma ban taɓa yin ƙarya mai girmanta ba. Na ga lokacin da maganar ta shige ki. Kika ajiye ludayin, kika kashe wuta, kika ce, "Shekara shida." Ba ki ƙara komai ba. Da ihu kika yi, wataƙila da na fasa. Shirun nan ya ba ni wurin laɓewa, na laɓe.

Kafin la'asar labari ya zaga. Mata suka cika ɗakinmu, kowa da nata. Wata ta ce daman haka suke, ba ta iya riƙe ki kuma ba ta so wani ya samu. Wata ta ce ta taɓa ganin idon matar, babu imani a ciki. Anti Fati ce kaɗai ta ce abin bai kwanta mata ba, ta ce a ba ta wasiƙar ta tura wa ƙaninta. Na ce saƙon ya goge. Ni ce mai zuba musu shayi, kaina a ƙasa, suna cewa yarinyar nan ta fi kowa shiga damuwa, Allah ya yi mata albarka.

Wakiliyar ta turo saƙo har sau biyu tana tambayar abin da aka rubuta a fom ɗin. Ban amsa ba, ban faɗa miki ta turo ba.

Ranar Litinin kika je Shiling kika kwashe kayanki, kika ajiye mata wuƙar firar da ta ba ki kyauta a kan tebur, kika fito ba sallama. Bayan kwana biyu ta yi doguwar tafiyar nan ta zo har ƙofarmu da ledar lemo. Kika shige ɗaki kika ce in ce kina barci. Ƙarfe huɗu na yamma. Ni na buɗe mata. Ta leƙa ta saman kaina, ta ga takalminki, ta miƙo min ledar da hannu biyu, ta ce in ce miki ki riƙa shan ruwan ɗumi saboda tarinki. Na ce "shiye-shiye", na gode mata, na rufe ƙofa. Lemon nan a kan firji ya ruɓe, babu wanda ya taɓa.

Ranar da za ki koma Kano bayan takardar aikinki ta ƙare, a filin jirgi, kika gyara min ɗankwali kika ce, "Ki riƙe karatun nan naki da kyau. Da ba don ke ba ko fom ɗin ma ba zan iya cikewa ba." Kika yi min godiya, Yaya. Na yi kuka har Baba ya ce ya isa haka, mutane suna kallo. Ku duka kun ɗauka kukan rabuwa ne.

Wata biyar ke nan. Gwaggo ta ce kina ɗinka jakunkunan makaranta a soro da ƙaramin keke, kuma in an ambaci Sin sai ki tashi. Ni kuma littattafan nan sun daina shiga. Ina buɗewa, da na kai inda aka ce jarumar ta sa hannu a takarda, sai in rufe.

Makon da ya wuce muna hutu, Baba ya ce in raka shi Shiling in yi masa tafinta, zai duba wasu kwalaye. Na ce cikina yana ciwo. Ya ce in sha magani in shiga mota.

Kujerarki tana nan, Yaya. An rufe keken da wani tsohon zani, matashin da kike jingina da shi yana kai. Madam ta bar Baba yana ƙirga kaya da ma'aikatanta, ta ja ni gefe. Ta rame kaɗan. Ta tambayi tarinki. Sai ta ce tana so ta yi min tambaya ɗaya, tunda ni ina jin yarenta. Ta ce mutanen sun kira ta da tafinta, suka tambaye ta ko ke ce shugabar sashen zane. Ta ce musu, "Meyo," wato babu. "Mu goma sha ɗaya ne a ɗaki ɗaya, wane sashe?" Sai ta shiga ba su labarin hannunki. Ta ce musu tunda ta buɗe wurin ba ta taɓa ganin mai fere fata irinki ba, in sun ɗauke ki sun yi sa'a. Har tafintan ya ce ya isa, ba ta daina ba. Ta kama hannuna ta ce, "Faɗa min, a ina na yi kuskure? Na yabe ta da yawa ne?"

Nan na faɗa mata. A tsaye, kusa da kekenki, da Sinancina na makaranta da yake ta karyewa. Na faɗi na fom ɗin, na faɗi na hotunan, na faɗi abin da na ce miki ranar tuyar.

Na ɗauka za ta mare ni, har na so ta yi. Sai ta yaye zanin, ta ce in zauna. Ta ɗora min guntun fata a kan dutse, ta ba ni wuƙa, ta ce in fere bakin. Na farko ya yage. Na biyu na huda shi. A na uku na yanki babban yatsana. Ta naɗa min filasta ba tausayi, ta ce, "Yayarki tana yin wannan tana hira."

Sannan ta ajiye min takarda da biro, ta nuna matar da ke kujerar kusa, ta ce in rubuta duk abin da ta yi, kada in ƙara, kada in rage. Daga azahar har kusan biyar ina zaune. Na ga yadda ake shafa fata da tafin hannu a gano inda take miƙewa kafin a ɗora kwali. Na ga ana kauce wa tabon da ƙaya ta yi wa dabba tun tana da rai. Na ga ana jira gam ya sha iska daidai, ana taɓawa da bayan yatsa. Na ga ƙafa da gwiwa da hannu biyu da ido duk suna aiki lokaci guda a kan kwanar jaka, inda allura ɗaya in ta kauce fatar ta tafi, don ramin allura ba ya rufewa. Shafi uku na cika. Da na karanta, kusan duk abin da kika lissafa min ne ranar alayyafon, har tsarin bai sauya ba.

A mota na faɗa wa Baba. Ya zuba wa titi ido har muka wuce wajen biyan kuɗin hanya. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni ma in aka tambaye ni sana'ar Kaka, dillalin fata nake cewa, ba na cewa baduku." Ya ƙara da cewa, "Sai dai ni ban taɓa sa wani ya sa hannu a kai ba." Ya ce ba zai faɗa miki ba. Ya ce bakin da ya ɓata shi zai gyara.

Na rubuta wa wakiliyar komai. Amsarta gajeriya ce, babu zagi, babu lallashi. Ta ce tsohon bai samu kowa ba har yanzu, kuma da ta faɗa masa cewa ya yi shi bai taɓa neman shugaba ba, ba shi da wanda za a shugabanta sai kare ɗaya. Yana so a sake gwadawa. Amma sai ya sake cigiya a gida tukuna, ya sake neman amincewar yankin. Kuma abin da na rubuta yana nan a ajiye da sunanki, ba ya gogewa. Bayanin da ba gaskiya ba babban abu ne a wurinsu, za su iya sa ki jira mai tsawo, za su iya sake ƙi. Ta ce abin da zai taimaka shi ne takardar rantsuwa daga wurina cewa ni na sauya maganarki ba da saninki ba, Baba ya sa hannu saboda shekaruna, sai kuma bayani daga bakinki. Ba ta yi alkawarin komai ba, ni ma ba zan yi miki ba.

Tawa na rubuta, an buga mata hatimi jiya. Madam ta sake rubuta tata wasiƙar, ta haɗa da hotunanki na kan keke da ke wayarta. Naki bayanin ne ya rage, in kina so. In kin yarda, ki faɗa da bakinki a saƙon murya, wakiliyar ta ce akwai masu fassara na hukuma. Ni ba zan taɓa ko harafi ɗaya ba. In kuma kin gaji da maganar gaba ɗaya, ko ba ki son jin muryata na wani lokaci, ba zan yi miki naci ba. Ba ni da bakin da zan ce ki yi sauri.

Yaya, ke kika koya min ɗaurin ɗankwali. Ke kike cire min ƙaya a kifi har na girma. Da wannan hannun mai baƙin farce kike yi min kitso ranar Juma'a, ina kwance a cinyarki ina karatu, ina jin warin gam ina ɗan kawar da hanci. Na ji kunyar hannun da ya raine ni. Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba, a littattafan da na karanta babu wanda ya taɓa yin laifi mai muni haka kuma marar daɗin ji. Ki yafe min, don Allah, ko ba yanzu ba.

Abu ɗaya kawai zan roƙa da sauri, kuma ba nawa ba ne. Ki kira Madam. Ko kin fasa Ostiraliya, ko kin fasa ni, ki kira ta. Lambarta ba ta sauya ba. Ƙarfe goma sha biyun rana take ajiye almakashi ta ɗauki kwanon shinkafarta, a wurinku kuma lokacin kin idar da sallar asuba ke nan. Ta ce in faɗa miki ba sai kin haɗa wata magana ba, ki ce mata "lauban" kawai, wato uwar ɗaki, yadda kika saba kiranta, za ta gane ke ce.

Allah ya sa albarka a hannunki, ya buɗa miki ƙofar da ta fi zama alheri, a can ne ko a gida. Allah ya saka wa matar da aka zaga ba da haƙƙinta ba, ya shirye ta. Allah ya jiƙan Umma da Kaka, ya kai haske kabarinsu. Ni kuma Allah ya yafe min, ya sanyaya zuciyarki a kaina a lokacin da ya so. Amin.

Ƙanwarki mai laifi, wadda take jira,
Rumaisa
Guangzhou